Matsa-Kaɗan da Rawar Masaƙa

Mijin yayata mai ɗaukar bidiyo ne. Duk wanda ya yi biki a garinmu, ko ya buɗe sabon shago, ko aka yi masa taron ban-kwana a wurin aiki, a shekarun da ake yayin kaset, ya san shi. Sai dai ba kowa ya san ainihin sunansa ba. Matsa-Kaɗan ake ce masa, domin ita ce maganar da ba ta barin bakinsa idan yana aiki. Ango ya matsa kaɗan, uwar amarya ta matsa kaɗan, babban baƙo ma bai tsira ba. Ni kuma da nake ƙanwar matarsa, Maigida nake ce masa idan ina neman wani abu a wurinsa, in ba haka ba ni ma Matsa-Kaɗan.

Mahaifinsa ma'aikacin masaƙa ne, a sashen rini. Har ya bar duniya hannuwansa ba su rabu da shuɗi ba. Burin tsohon shi ne ɗansa ya gaje shi, ya kuma samo masa gurbi a ɗakin injinan saƙa. Ɗan bai yi shekara ba ya gudu. Ya ce ƙarar injin tana bin sa har gida, ko abinci yake ci yana jin ta a haƙoransa. Ya koma wurin wani mai hoto a bakin tasha yana wanke fim, yana riƙe fitila. Da maigidan ya sayo kyamarar bidiyo, irin manyan nan da ake saɓawa a kafaɗa, sauran ma'aikatan shagon duk suka noƙe saboda nauyinta. Shi gajere ne mai faɗin ƙirji, sai aka ɗora masa. Har yau idan ya tsaya za ka ga kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka.

Na zauna a gidansu lokacin da nake sakandare. A lokacin ya riga ya buɗe nasa shagon, tsakanin wani kemis da mai gyaran fanka. Gidan ɗaki biyu ne da falo, da wani ɗan sito kusa da kicin. Yana da wata ɗabi'a da sauran masu sana'ar ba su da ita: ba ya ba mai biki kaset ɗin da ya ɗauka da shi. Sai ya kwafa masa a wani, ya riƙe uwar kaset, ya rubuta sunan mai taron a gefenta. Ya ce mutane ba su iya ajiya ba, yau yaro ya zare zaren, gobe a bar shi a rana, jibi a dawo masa ana kuka. Kaset-kaset suka cika kantocin shago, suka biyo shi gida. Suka cinye sito, suka shiga ƙarƙashin gado, suka hau kan kabad.

Yaya takan ce, "Mu dai 'yan haya ne a gidan nan. Masu gidan suna cikin kwalaye."

Shi kuwa ko a jikinsa. Ba mai yawan magana ba ne a gida. Yakan dawo da yamma, ya jona batura a wuta, ya goge gilashin kyamara da wani ƙyalle da ba a yarda kowa ya taɓa ba, sannan ya nemi abinci.

Abin da ya kamata a sani game da shi, tunda daga baya sunansa ya shiga cikin masu adana raye-rayen yankinmu, shi ne bai taɓa son rawa ba. Ba don yana ganin laifi ba ne. A wurinsa rawa ɓarnar kaset ce da batir. Ana tayar da ƙura ta shiga kyamara, ana bangaje shi, ana taka masa waya. Abin da masu taro ke so, in ji shi, fuskokin baƙi ne, da motocin da suka zo, da kayan da aka kawo. Idan makaɗa suka fara, yakan ɗauki ɗan abin da ba a rasa ba, ya juya ya nemi manyan mutane. Ban taɓa ganin ko kansa ya kaɗa ba.

Sai zamani ya juya. Masaƙar ta rufe, jiniyarta da ke tashin gari da safe ta yi shiru. Wayoyi masu kyamara suka zo, kowa ya zama mai ɗaukar bidiyon kansa. Shagon ya koma na hoton fasfo da kwafin takardu. 'Ya'yansa suka girma, suka watse. Babban ɗansa ya zo hutu wata shekara, ya buɗe sito, warin danshi ya buge shi.

"Baba, a kira masu kwasar shara mana su rage wannan kaya."

"Ba nawa ba ne."

"To na waye?"

"Na masu su."

"Akwai wanda ya zo nema?"

"Ba su zo ba tukuna."

Daga nan ba a sake tayar da maganar ba.

Wadda ta zo nema daga ƙarshe ba mai biki ba ce. Malamar laburaren gari ce, wata doguwar mata mai tabarau da aka dawo da ita gida bayan ta daɗe tana aiki a wasu garuruwa. Ita da wasu dattawa sun kafa kwamiti don tattara tarihin raye-rayen yankin kafin waɗanda suka san su su ƙare. An ba su wani ɗaki a bayan laburare, inda da ake jibge karyayyun kujeru. Sun samu tsofaffin hotuna, da riguna, da ganguna biyu da fatarsu ta yage, sun kuma naɗi hirar tsofaffi. Amma rawa motsi ce, hoto kuwa a tsaye yake. Tsoho zai ce ana ɗaga ƙafa kaza, ana juyawa kaza, idan aka ce ya gwada sai gwiwa ta ƙi.

Abin da suka fi nema shi ne Rawar Masaƙa. Ma'aikata ne suka ƙirƙiro ta tun farkon buɗe kamfanin. Ana jeruwa layi biyu ana fuskantar juna, layi ɗaya ya matso ɗaya ya ja baya, kamar zare a kan injin, mutum ɗaya kuma yana ratsawa ta tsakiya da gudu kafin layukan su haɗe. Shi ake kira ƙoshiya, sunan abin da masaƙi ke jefawa tsakanin zare. Akwai kuma jan-ƙafa ta mata, da taka-laka ta mutanen bakin kogi. Tun da masaƙa ta rufe ba a sake yin ta farkon ba, sauran biyun kuma sun koma sai ɗaiɗaiku.

Na ci sa'a ina shagon ranar da Malama ta zo, na je kwafin takardun fanshona. Ta gaishe shi, ta zauna a kan bencin masu jiran hoto, ta yi bayani a natse. Ya saurare ta yana gyara takardu a bakin injin.

"Malama, ni ba rawa na ɗauka ba. Biki na ɗauka."

"Ai a cikin bikin ake rawar, Baba."

"Kuma sirrin mutane ne. Matar wani, 'yar wani. Ba zan kwasa in kai inda kowa zai kalla ba."

Ta ce ta fahimta, ta bar masa lambar waya, ta tafi. Ni ce na kai wa Yaya labari, kuma ban yi da-na-sani ba. Washegari Yaya ta saka mayafi ta tafi laburare da kanta. Ta ce wa Malama idan da mota a zo yau, idan babu, ita za ta nemo masu baro. Da Maigida ya ji, kwana biyu yana shan kunu. A rana ta uku ya kira lambar ya gindaya sharuɗɗansa. Shi zai riƙe mukullin kabad ɗin da za a zuba su. Babu hannun da zai saka kaset a injin sai nasa. Kuma duk taron da za a ciri wani abu daga cikinsa, sai an nemi masu shi, ko 'ya'yansu, an tambaye su. Malama ta san wannan sharaɗi na ƙarshe zai ja aikin ya yi tsawo. Ta amince.

Haka ya koma ma'aikacin laburare ba tare da an ɗauke shi aiki ba. Da safe ya buɗe shago, bayan azahar ya rufe ya hau babur ya tafi. Ɗakin yana da taga ɗaya mai kallon bishiyar mangwaro, da tebur dogo, da fankar sama mai ƙara. Injinan bidiyonsa biyu duk sun mutu, maƙwabcinsa mai gyaran fanka ya farke su ya haɗa guda ɗaya mai aiki. Da yawa cikin kaset-kaset ɗin sun yi fumfuna. Sai ya kwance murfin, ya jiƙa auduga da sifirit, ya riƙa jan zaren a hankali yana gogewa. Wasu sun manne sun zama dunƙule, ba su da magani. Waɗanda suka tsira, Malama ta jona injin da kwamfuta ta kwashe abin da ke ciki. Ba a iya gaggauta shi. Kaset na awa uku, awa uku za a zauna.

Sai ya zamana a karon farko yana kallon aikin hannunsa. Da can idan yana kwafa, danna maɓalli yake ya fita hira. Yanzu yana zaune, ga mutanen garin suna wucewa a gabansa da ƙuruciyarsu. Kemis ɗin maƙwabcinsa da sumarsa cike da kai. Matan da yanzu suke da jikoki suna 'yan mata. Da yawa sun rasu. Ya ce mini abin da ya fi ba shi mamaki shi ne muryarsa, tana fitowa daga bayan kyamara a kowane kaset, tana ba mutane umarni.

"Ashe haka nake da tsiwa?"

Na ce, "Yau ka sani? Mu mun daɗe da sani."

Ranar Asabar ake buɗe ɗakin ga jama'a. Akan jera kujerun roba, a haska abin da aka samu a bango, tsofaffi su faɗi sunayen mutane da na makaɗa da inda aka yi taron, Malama tana rubutawa. Yaya ta zama 'yar gaba-gaba a wannan zama. Ita da ta tsani kwalayen, sai ga shi babu fuskar da ba ta sani ba, har da wadda ta auri wa, da dalilin rabuwarsu, wanda Malama kan ce ba sai an rubuta ba.

A nan ne suka haɗu da Baba Ƙoshiya. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, siriri kamar sanda, wanda ya fi kowa daɗewa yana ratsa tsakiyar layi, har sunan ya bi shi. Yanzu da sanda yake tafiya, kunnensa ɗaya ya toshe, bakinsa kuwa lafiya lau. Wata Asabar aka saka bikin wani akawun kamfani. Makaɗa suka ɗauka, ma'aikata suka jeru, ga Baba Ƙoshiya nan da ƙuruciyarsa yana ɗaure ɗamara. Layuka suka fara motsi, ya sunkuya zai shiga. Sai hoton ya juya, ya bi ta kan rumfa, ya sauka a kan wata farar mota. Wani mai tumbi yana fitowa daga ciki a hankali, yana gyara hula. Kyamara ta raka shi har kujerarsa. Ana jin kiɗa da shewa a gefe. Da hoton ya dawo fili, an watse ana shan ruwa.

Baba Ƙoshiya ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, ya fuskanci Maigida.

"Kai ne ka ɗauki wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Mutum bai taɓa ganin mota ba? Ina tsakiyar fili, ƙafata ba ta taɓa ƙasa, kai kana can kana ɗaukar ƙofar mota?"

"Mai motar ne ya ɗauke ni aikin, Baba."

Aka yi dariya, har da Malama. Baba Ƙoshiya bai yi ba. Ya ce a sako na gaba. Na gaban ma haka, sai dai wannan karon tukwanen abinci aka juya aka ɗauka. Wanda ya biyo baya kuma, rawa na farawa hoton ya yanke, ya dawo a kan jawabin godiya. Kusan duk haka suke. A wani a samu shigar layi, a wani a samu ƙafafu daga nesa, a wani bayan mutane kawai. Maigida bai kare kansa ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya ci gaba da cire kaset yana saka wani. Yaya dai ta ce mini ranar bai cinye abincinsa ba.

Tun daga nan Baba Ƙoshiya ya saka shi a gaba. Idan ya shigo yakan ce, "Ina mai ɗaukar motoci? Yau wace iri za mu gani?" Shi kuma ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Matsa kaɗan, ka tare bango." A haka suka saba, har ya zama idan tsohon bai zo ba, Maigida kan bi ta gidansa a babur ya duba shi.

Sharaɗin tambayar masu taro ya ci lokaci, kamar yadda aka zata. Yawanci murna suke yi, su zo da 'ya'ya da jikoki, a ba su nasu kwafin a waya. Wasu sun ƙaura ba a san inda suke ba, nasu na nan a kulle. Mutum ɗaya ce ta ƙi. A wani kaset an samu jan-ƙafa mai kyau, wadda ba a yanke ba sosai, domin amaryar ce da kanta a fili tare da ƙawayenta. Wadda ke jan gaba wata budurwa ce mai jan kallabi, tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Yaya ta gane ta nan take: tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, wadda rabin matan garin suka bi ta hannunta, ni ma a ciki, tun tana ƙaramar malama. Mace ce da ko dariyarta ba mu taɓa gani ba.

Aka aika mata. Ta zo ranar da babu kowa, ta ce a saka. Ta kalla har ƙarshe, ta ce a maimaita. Sannan ta cire tabarau ta goge.

"Ku cire ni."

Malama ta ce, "Mama, ita ce mafi kyau a duk abin da muka samu. Babu wata da ta nuna yadda ake sauya ƙafa kamar wannan."

"Na sani. Ai ni na yi. Idan na mutu ku yi yadda kuka ga dama. Amma ina raye ɗalibaina ba za su zauna suna kallona ina karkaɗa kafaɗa ba."

Malama ta dubi Maigida ko zai sa baki. Ya riga ya danna maɓalli, kaset ya fito. Ya mayar da shi cikin kwalinsa, ya saka a kabad, ya murɗa mukulli. Sun yi kusan mako ba sa doguwar magana da Malama. Daga baya ita da kanta ta mayar da abin doka a kwamiti: duk wanda ya ce a rufe nasa, a rufe har lokacin da ya yanka.

Cikakkiyar Rawar Masaƙa guda ɗaya tak aka samu, kuma ba da saninsa Maigida ya ɗauke ta ba. Taron sallamar wasu ma'aikata ne da suka yi ritaya, a babban zauren cin abinci na kamfani. Ya kafa kyamara a kan ƙafafunta yana ɗaukar jawabin manaja, sai cikinsa ya murɗa. Ana jin sa a kaset yana ce wa wani ya duba masa kaya, yana zuwa. Ya manta bai kashe ba. Manaja ya gama, aka janye tebura, makaɗa suka shigo. Kyamara na tsaye ba mai juya ta, ta ɗauki komai daga farko har ƙarshe, da waƙar, da tafin, da ƙarar takalman aiki a kan siminti.

Ranar da aka haska ta ɗakin bai ɗauki mutane ba, wasu ta taga suke leƙe. Baba Ƙoshiya ya ga kansa yana ratsa layi kamar an harba shi. Leɓensa na bin waƙar. Da aka gama ya dubi Maigida ya ce, "Allah ya yi wa abincin da ya ɓata maka ciki albarka."

A layin hagu, na uku daga ƙarshe, akwai wani dattijo mai shuɗin hannu yana tafi yana ja da baya. Maigida ya nuna shi da baki ya ce wa Yaya, "Ga Baba." Yana cikin waɗanda aka sallama a ranar. Maigida ya ce ya san mahaifinsa ya je taron, tare ma suka dawo gida, amma bai san ya shiga fili ba, tsohon kuma bai faɗa masa ba. Ya nemi Malama ta tura masa wannan a wayarsa.

Sai dai kaset ɗin ya zo da tasa rigimar. Akwai ginshiƙi a tsakiyar zauren, kuma daidai bayansa ne ƙoshiya ke juyawa idan ya kai ƙarshen layi. Ana ganin shigarsa, ana ganin fitowarsa, juyin ne ba a gani. Baba Ƙoshiya ya ce a kan diddigen hagu ake juyawa, hannu ɗaya a ƙasa. Wani tsohon direban kamfani, wanda shi ma ya yi rawar shekaru, ya ce sam, ta dama ake juyawa, kuma ba a taɓa ƙasa, taɓa ƙasa ƙari ne da Baba Ƙoshiya ya shigo da shi don 'yan mata su gan shi. Tsofaffi suka rabu biyu. Aka yi Asabar uku ana wannan musu. Da aka tambayi Maigida, tunda ya halarci tarukan da suka fi na kowa yawa, ya ce shi wallahi bai taɓa lura ba.

Malama ce ta kawo shawara a daina musu a tashi a gwada, a ɗauki duka biyun. Ta samo aron wata ƙaramar kyamara daga kwalejin horon malamai, ta kuma gayyato ɗaliban kwalejin su cike layuka, tunda tsofaffin da za su iya tsayuwa ba su da yawa. Ta miƙa wa Maigida kyamarar. Ya juya ta a hannu, ya ce wannan ai ko nauyin kofin shayi ba ta kai ba, ta ina mutum zai san yana aiki? Duk da haka ya kwana biyu yana koyon maɓallanta.

Aka yi da hantsi a harabar laburare, a ƙarƙashin mangwaro. An gyara gangunan nan biyu. Maigida ya zo tun kafin kowa, ya zagaya filin, ya sa aka kawar da wani babur da tulin bulo. Ya hau kan tebur don ya samu layukan biyu da ƙafafunsu. Tsofaffi suka tsaya a gaba, ɗalibai a bayansu suna kwaikwayo. Baba Ƙoshiya ya ba Yaya riƙon sandarsa, ya shiga tsakiya. Gudu dai babu, da tafiya ya ratsa, layukan suna jiran sa. Da ya kai ƙarshe ya juya ta hagu, ya miƙa hannu ƙasa, bai kai ba, ya bar shi a gwiwa. Direba ya karɓa ya yi nasa ta dama. Sannan aka sa wata ɗaliba mai zafin nama ta yi duka biyun da gudu, kowane tsoho yana gyara mata nasa yana kushe na ɗan'uwansa.

Ana cikin haka shugaban kwalejin ya iso, mutane suka miƙe ana gaishe shi. Maigida bai juya ba. Bayan an tashi Baba Ƙoshiya ya sa aka nuna masa abin da aka ɗauka, ya kalla da kyau, ya ce ba laifi, sai dai an sa shi ya fito tsoho.

Mata ma suka ce ba za a bar su a baya ba, aka yi jan-ƙafa. Yaya ta shiga, ni ma aka ja ni. Mun yi abin da ya sawwaƙa. Tsohuwar shugabar makaranta ba ta zo ba, amma washegari ta aiko a faɗa wa Yaya cewa an ce tana ɗaga ƙafa da yawa, ja ake yi, ba tsalle ba.

A ɗakin adana, an ajiye juyin biyu gefe da gefe, kowanne da sunan wanda ya nuna shi. Ɗaliban kwalejin sun ci gaba da yi a tarukansu, kuma na ji an ce sun fi son na hagu, domin ya fi kyau a waya. Baba Ƙoshiya ya rasu a daminar da ta biyo baya. Direba yana nan, yana kuma kan bakansa.

Maigida ya rufe shago bayan an yi masa aikin yanar ido. Idon dama ya washe, na hagu bai dawo sosai ba. Har yanzu akwai kwalayen da ba a buɗe ba, kuma injin yakan ci zare, sai an kira mai gyaran fanka. Mutane sun fara kawo nasu: hotuna, da kaset na rediyo, da bidiyon waya daga ƙauyuka. Yakan karɓa yana mita, wai suna riƙe waya a tsaye suna yanke ƙafafun mutane, rawa kuwa idan babu ƙafa me aka ɗauka?

A watan jiya suka tafi bakin kogi neman taka-laka, shi da Malama da direban wata motar ɗaukar kaya da aka ba su aro. An ce akwai wani tsohon masunci da ya rage wanda ya san ta tun daga tushe. Yaya ta ƙulla masa magungunansa a leda, ta ce wa Malama kada a bar shi ya hau kan komai. Hanyar ba ta da kyau, sai bayan azahar suka isa. Suka tarar tsohon ya tafi wurin 'yarsa a wani gari, jinya, ba a san ranar dawowarsa ba.

Matarsa ce kawai a gida, tana gyaran raga a ƙofar ɗaki. Ta ce ita ba ta taɓa yin rawar ba, ta maza ce, amma ta shekara arba'in tana kallo. Ta ajiye ragar, ta kifa tafukan hannunta a kan tabarma, ta nuna musu da su yadda ƙafafun mijinta ke yi: dama ta nutse, hagu ta zare a hankali kamar daga cikin taɓo, sannan a girgiza. Tana yi tana rera kiɗan da baki. Maigida ya durƙusa da ƙyar ya ɗauki hannuwan har ta gaji. Da za su tafi ta tambaya ko za a nuna a talabijin. Malama ta ce a'a, a laburare za a ajiye, duk mai so ya zo ya gani. Matar ta ce to, in haka ne a rubuta cewa mijinta ya fi haka iyawa.